Ƙanina ya ce min ba shi da tabbacin akwai Allah, ya zan yi da shi?

"Assalamu alaikum Malam. Don Allah shawara nake nema kuma a sakaya sunana. Ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana aji uku a jami'a, yaro ne mai hankali wallahi, ya yi sauka tun yana sakandare. Hutun nan da ya dawo na lura sallah sai an yi da gaske yake tashi, da na matsa masa sai ya ce min shi fa Yaya ya daɗe ba shi da tabbacin akwai Allah, yana yi ne kawai don kar hankalin Umma ya tashi. Ya roƙe ni kar in faɗa wa kowa, wai in mutunta ra'ayinsa kamar yadda yake mutunta nawa. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. In na yi shiru ina tsoron ko na zama mai yarda da kafirci, in na faɗa wa Baba kuma na san abin da zai biyo baya. Shin akwai wani abu wai shi mutunta ra'ayi a irin wannan magana? Kuma me ke sa yaro irin wannan ya juya haka?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa Allah ya sanyaya miki zuciya, ya dafa miki. In na fahimce ki abu uku kike tambaya, me ya same shi, shin zama da shi lafiya daidai yake da yarda da abin da ya faɗa, sannan ki faɗa wa Baba ko ki yi shiru. Ni Musulmi ne, na yi imani da Allah kuma ba na ɓoye hakan a aji ko a waje, aikina koyar da falsafa da tarihin tunanin Musulunci a jami'a, kuma na daɗe ina cikin malaman da ake haɗa su da ɗalibai don ba su shawara. To ta wannan ƙofar zan amsa miki. Ni ba mufti ba ne, fatawa tana da masu ita.

Abu na farko da nake so ki riƙe tun kafin mu yi nisa, a duk gidan nan ke ya zaɓa ya faɗa wa. Yaron da ya iya ɓoye abu irin wannan wata da watanni yana bin sahu a masallaci, da ya so da ke ma ya ɓoye miki. Wannan amincin da ya ba ki shi ne kaɗai jarin da kike da shi a hannu yanzu, kuma duk shawarar da zan ba ki a kan kar ki ɓarar da shi take.

Me ya faɗa takamaimai?

Mu a nan duk wanda ya yi irin wannan magana kwando ɗaya muke zuba shi, mu ce ya zama mulhidi ko ya yi ridda, shi kenan an gama. Amma ba haka abin yake ba. Akwai wanda zai ce miki ya tabbata babu Allah, wannan daban. Akwai wanda zai ce shi bai sani ba, kuma yana ganin ba a iya sani, wannan ma daban. Akwai wanda ya yarda akwai Mahalicci amma addinai ne ya daina yarda da su. Sannan akwai na huɗu, wanda a cikin ɗaliban da suka zo wurina su suka fi yawa nesa ba kusa ba, shi ne wanda yake so ya yi imani, yana jin zafin rashin natsuwar, tambayoyi ne suka taru masa bai samu wanda zai yi wa ba tare da an zare masa ido ba. Ƙaninki cewa ya yi ba shi da tabbaci. Bai ce babu ba. Ki lura da wannan sosai.

Ko a duniya ma haka lissafin yake. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta fitar da rahoto a 2012 cewa wajen kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, kusan mutum biliyan 1.1 a lokacin, ba sa danganta kansu da kowane addini, fiye da rabinsu kuma a ƙasar Sin suke. Amma a rahoton dai an nuna cewa a Amurka kashi 68 cikin ɗari na irin waɗannan mutanen sun yarda akwai Allah ko wani iko da ya fi ƙarfin ɗan Adam. Kin ga kenan barin addini da musun samuwar Allah ba abu ɗaya ba ne.

Kuma abin ba yau ya fara ba

Mutane suna son su ce waya ce da intanet da boko suka kawo mana wannan. Sun ƙara masa gudu, wannan gaskiya ne, amma ba su suka haife shi ba. Alƙur'ani da kansa a Suratul Jasiya aya ta 24 ya kawo maganar mutanen da suka ce ba wata rayuwa sai wannan ta duniya, muna mutuwa muna rayuwa, kuma ba abin da ke halaka mu sai zamani. Su ne malamai suka riƙa kira Dahriyya. An ambaci maganarsu a fili, aka amsa musu, ba a ɓoye ta don tsoron kar wani ya ji ba. A zamanin Abbasiyawa an yi Ibnur Rawandi, an yi babban likitan nan Abubakar ar-Razi wanda ya yarda da Mahalicci amma aka rawaito yana jayayya a kan annabci, kuma malamai suka zauna da shi suka yi muƙabala, aka rubuta littattafai na raddi. Ilimin kalam gaba ɗayansa, wato ilimin kare aƙida da hujjar hankali, wanda mu a ƙasar nan muka gada ta littattafai irin Ummul Barahin na Imam Sanusi, ya ginu ne a kan cewa za a yi tambayar kuma dole a samu mai amsa ta da hujja.

Wanda na fi kawo wa ɗalibaina shi ne Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, mai Ihya'u, wanda muke kira Hujjatul Islam. A littafinsa Almunƙizu minad Dalal da bakinsa ya ba da labarin cewa tun yana matashi ya lura 'ya'yan Kirista suna tashi Kirista, 'ya'yan Yahudu suna tashi Yahudu, 'ya'yan Musulmi suna tashi Musulmi, sai ya shiga neman mene ne gaskiya da mutum zai sani da kansa ba don gado ba. Abin ya kai shi ga shakkar komai, har abin da idonsa ke gani da abin da hankalinsa ke yankewa, ya ce ya yi kusan wata biyu a wannan hali kafin Allah ya warkar da shi da wani haske da ya jefa a ƙirjinsa. Wallahi duk lokacin da na karanta wa ɗalibi wannan wurin sai na ga ya ɗago kai, saboda ita ce tambayar da ke cinsa, wato da a Sin ko Indiya aka haife ni fa, da me zan zama? Shi a zatonsa shi ya fara yin ta a duniya.

Har Sahabbai sun zo wa Manzon Allah (SAW) suka ce muna jin wani abu a zukatanmu da ɗayanmu yake ganin girman ya furta shi, ya tambaye su ko da gaske sun ji hakan, suka ce e, ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Hadisin yana cikin Muslim. Bai kore su ba, bai tona su ba. Annabi Ibrahim (AS) a Baƙara aya ta 260 ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu, kuma aka nuna masa. A nan gida ma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta fama da wasu ɗalibai na zamaninsa da ke tare talakawa suna musu tambayoyin tauhidi masu wuya, wanda ya kasa amsawa su ce kafiri ne, Shehu ya yi rubuce-rubuce da yawa yana hana wannan gaggawar kafirtawar. Ban kawo waɗannan don in ce miki halin ƙaninki daidai yake da nasu ba, ban gan shi ba balle in yanke. Na kawo ne don ki san addinin da kike tsoron ki saɓa masa ya san wannan ciwon tun da daɗewa, kuma ba da sanda ya fara tarbarsa ba.

Me ke kawo shi?

A nan zan ɗan daɗe don nan ne iyaye da yayye suka fi kuskure hanya. Kowa yana zaton wani littafi yaro ya karanta ko wani bidiyo ya kalla a YouTube. Yana faruwa, amma a abin da na gani littafin da bidiyon daga baya suke zuwa, sai an riga an samu rauni sannan yaro yake zuwa neman wanda zai faɗa masa abin da zuciyarsa ta fara raya masa.

Raunin da ya fi yawa shi ne wahala da zalunci. Yaran nan sun tashi suna jin Boko Haram tana yanka mutane tana kabbara, sun ga abin da 'yan bindiga ke yi a Zamfara da Katsina da Sakkwato, an yi addu'a an yi alƙunutu an sauke Alƙur'ani, washegari a sake kwashe wani ƙauyen. Akwai wani ɗalibi da ba na mantawa, ya shigo ofis ya tura ƙofa da kansa, ya zauna yana ta juya katin shaidarsa na makaranta a hannu har igiyar ta nannaɗe masa yatsa, ya kasa kallona, can ya ce Malam in na faɗa maka wani abu ba za ka kai ni gaba ba? Ashe mahaifinsa aka sace a hanyar gona, suka sayar da abin da suke da shi suka biya, aka karɓi kuɗin kuma ba a sako shi da rai ba. Ya ce Malam na yi tsayuwar dare har ƙafata ta kumbura, ina Allah yake a lokacin? Irin wannan yaron in kika ɗauko masa hujjojin falsafa kin zalunce shi. Makoki yake yi wanda ba a bar shi ya yi ba, don duk wanda ya zo gaisuwa haƙuri kawai yake ce masa, ba wanda ya zauna ya ji.

Na biyu shi ne halin masu addinin kansu. Yaro ya ga wanda ke sahun gaba yana cin dukiyar marayu, ya ga malamai a TikTok da Facebook suna zagin juna kowa na cewa ɗayan ɗan wuta ne, ya tuna dukan da ya sha a makarantar allo ko Islamiyya a kan tambayar da ya yi da zuciya ɗaya. Sai ya haɗa Allah da wakilan da suka naɗa kansu, ya yi watsi da su gaba ɗaya. Kuskure ne a tunani, don munin hali na mai da'awa ba ya rushe gaskiyar abin da yake da'awa, amma kuskure ne da mu manya muka share masa hanya.

Na uku shi ne karo da kimiyya, ko in ce abin da ake zaton karo ne. Yaro ya shiga aji an koya masa cewa duniyar sama da ƙasa ta kai shekara biliyan 13.8, an koya masa yadda halittu ke sauyawa a tsawon zamani, ya dawo gida ya tambaya, sai a ce masa duk ƙaryar Yahudawa ce. Shi kuma ya ga hujjojin da idonsa a ɗakin gwaji. To an tilasta masa zaɓi tsakanin abin da ya gani da abin da aka ce masa addini ne, alhali ba dole ne a yi zaɓin ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo bayanin cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi daga wani mafari, Georges Lemaître, limamin cocin Katolika ne ɗan Beljiyam, a 1927 ya fitar da aikinsa a kan faɗaɗar, a 1931 kuma ya kawo maganar mafarin. A 1979 mutum uku suka raba kyautar Nobel ta fiziks a kan nazari ɗaya, cikinsu akwai Abdus Salam ɗan Pakistan, ɗan Ahmadiyya ne mai imani da Allah wanda har aya ya karanta a jawabinsa na bikin, akwai kuma Steven Weinberg ɗan Amurka wanda ya shahara da rashin yarda da Allah. Lissafi ɗaya suka yi, sakamako ɗaya suka samu, ɗaya ya ga ikon Allah ɗaya bai gani ba. Kimiyya tana faɗa miki yadda abu ke aiki, amma me ya sa akwai wani abu tun farko maimakon babu, wannan ba a auna shi a ɗakin gwaji.

Akwai kuma wanda abin nasa ciwo ne na gaske. Ciwon damuwa mai tsanani yana ɗauke wa mutum ɗanɗanon komai har ibada, akwai kuma waswasi irin na cuta wanda tunani ɗaya ke ta dawo wa mutum ba da son ransa ba. In kin ga ya daina cin abinci, ba ya barci, ya janye daga abokai, karatunsa ya faɗi, ko yana maganar gara ya mutu, to wannan likitan ƙwaƙwalwa yake buƙata da gaggawa. Amma don Allah ki ji ni da kyau, rashin imani shi kaɗai ba hauka ba ne, kuma ba lallai aljanu ba ne. Na san gidan da uwa ta riƙa zuba wa ɗanta rubutu a kunu a ɓoye, ranar da ya ga baƙin tawada a gindin kofi ya daina cin komai a gidan, ya koma sayen abinci a waje, maganar da ake ɗan yi da shi ma ta yanke. Ki yi masa addu'a iya ƙarfinki, wannan kam ba mai hana ki, amma kar a yi masa abu a ɓoye.

Sannan e, akwai wanda kawai nauyin sallah da azumi da hani ne ya ishe shi, yake neman hujjar da zai fake da ita. Akwai su. Sai dai kar ki fara da zaton wannan, don in kika ce masa ai don kana son sheƙe aya ne, alhali ba haka ba ne, kin rufe ƙofar da hannunki.

Hujjojin, ba tare da rage wa kowa ba

Ni abin da ya tsayar da ni a kan imani ta fuskar hankali shi ne tambayar da ke Suratut Ɗur aya ta 35, shin an halicce su ne ba daga komai ba, ko su ne masu halittar? Duk abin da ya faru bayan babu shi yana buƙatar mai samar da shi, duniya kuma tana da mafari, wannan ita ce hujjar da Alkindi da Gazali suka tsara, har yau ana muhawara a kanta a jami'o'in Turai da Amurka da sunan hujjar kalam. Ga kuma tsarin da ke cikin halitta, ga wannan abin da ke cikin zuciyar kowa da ke ce masa zalunci mugun abu ne ko da ba wanda ya gan shi. Waɗannan sun gamsar da ni ƙwarai.

Amma ba zan yi miki ƙarya in ce ɗaya ɓangaren wawaye ne ba. Suna tambaya, in Allah mai iko ne mai rahama, me ya sa jariri ke mutuwa da yunwa? Suna tambaya me ya sa addinai suka yi yawa kowa na cewa shi ne a kan daidai? Muna da amsoshi, cewa duniya gidan jarrabawa ce, an ba ɗan Adam zaɓi, akwai ranar sakamako, kuma saninmu gajere ne a kan hikimar Allah. Ni sun ishe ni. Amma na zauna da masu hankali da gaskiya a mu'amala waɗanda ba su ishe su ba, kuma ban ga alamar ƙarya suke yi ba. A 1948 gidan rediyon BBC ya haɗa Bertrand Russell da wani limamin Katolika masanin falsafa, Frederick Copleston, suka yi muhawara a kan samuwar Allah, aka tashi ba wanda ya sauya, kuma ba wanda ya zagi wani. In manyan masana irin waɗannan ba su gama da juna a zama ɗaya ba, kar ki ɗora wa kanki cewa sai kin kayar da ƙaninki a tsakar gida kafin ya koma makaranta.

To mutuntawar fa?

E akwai ta, kuma ba ita ce yarda ba. Mutum kike mutuntawa, ba lallai maganarsa ba. Kina iya kallon idonsa ki ce masa ni na yi imani da Allah, ina ganin ka yi kuskure babba, ina jin tsoro a kanka, kuma kai ƙanina ne yau da gobe. Ba wani karo tsakanin waɗannan. Yarda da kafirci ita ce zuciyarki ta ji daɗin abin ko ta ga daidai ne, ke kuwa da barci ya ƙaurace miki a kan abin ina kika ga yarda?

Dubi Asma'u 'yar Abubakar (RA), mahaifiyarta ta zo mata Madina tana mushrika, ta tambayi Annabi (SAW) ko ta sada zumunci da ita, ya ce e, ki sadar da mahaifiyarki. Yana cikin Buhari da Muslim. Suratu Luƙman aya ta 15 ta ce ko iyaye sun matsa maka ka yi shirka kar ka bi su, amma ka zauna da su a duniya da kyautatawa. Baƙara 256 ta ce babu tilas a addini. Suratul An'am 108 ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa don kar su rama da zagin Allah. Abu Ɗalib kuwa, wanda ya rene shi ya kare shi, Annabi (SAW) ya so ya shiryu har numfashinsa na ƙarshe, aka saukar masa cewa ba ka shiryar da wanda ka so, Allah ne ke shiryar da wanda ya so. In an faɗa wa fiyayyen halitta haka, to ni da ke aikinmu isarwa ne da kyautatawa. Kuma ai Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kakanninmu a ƙasar Kano da Katsina sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaune da Maguzawa, kasuwa ɗaya, ana gaisawa ana wasa, Musulmi bai fasa sallarsa ba.

Sai dai mutuntawar hanya biyu ce, kuma wannan ki faɗa masa ƙarara tunda shi ya kawo kalmar. In yana so a mutunta shi, to ba izgili da sallar Umma, ba raina masu imani a ce musu marasa tunani, ba zama da ƙananan ƙanne ana cusa musu shakka, ba kuma taɓa mutuncin Annabi (SAW) ko a baki ko a rubuce. Wasu yaran in suka shiga wannan hali sai su ɗauki wani irin girman kai, su ga kowa a gidan jahili ne su kaɗai suka waye. Shakka daban, cin mutunci daban. In ya kasa riƙe wannan iyakar to shi ne ya fara karya abin da yake nema.

Maganar Baba

A nan zan yi miki magana ba kwana-kwana. Shawarata kar ki faɗa yanzu, kuma ko kusa kar maganar ta fita waje, ba ƙawa, ba guruf ɗin dangi na WhatsApp, ba ɗaukar hoton hirarku a tura wa wani malami. Magana zarar bunu ce. Kin san ƙasar da muke ciki. A watan Mayun 2022 ɗalibai suka kashe Deborah Samuel a kwalejin ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato a kan saƙon murya na WhatsApp, Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan. A watan Yunin 2023 a Sakkwaton dai aka kashe wani mahauci, Usman Buda, shi Musulmi ne ma, a kan zargin ɓatanci. Mubarak Bala kuma, wanda danginsa suka kai shi sashen masu taɓin hankali a Kano a 2014 bayan ya ce ya bar addini, an kama shi a 2020 a kan rubuce-rubucen Facebook, kotu ta yanke masa shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024. Ko me mutum yake gani game da abin da waɗannan suka faɗa ko aka ce sun faɗa, darasin da ya shafe ki shi ne da zarar magana ta bar ɗaki ba ke ke da iko da inda za ta tsaya ba. Shi ma ki ja masa kunne sosai a kan abin da yake rubutawa a intanet, har da kwament a ƙarƙashin rubutun wasu.

Na san za ki ce ai akwai hukuncin ridda a littattafan fiƙihu. Akwai, yana cikin Risala ma da muke karantawa a zaure. Amma ko a can magana ce ta alƙali da hukuma da tabbatarwa da ba da damar tuba, ba a taɓa miƙa ta ga yaya ko uba ko taron unguwa ba, kuma malaman wannan zamani suna da saɓani a kan yadda za a fahimce ta. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 a sashe na 38 ya ba kowa 'yancin tunani da addini har da sauya shi. Ke dai ba a ɗora miki zama alƙalinsa ba. Wanda ya ce ba shi da tabbaci kuma yana bin sallah, gaggawar sa masa suna ba taimakonsa ba ce.

Ban ce har abada iyaye ba za su sani ba. Ke kika san Baba, ni ban san shi ba. Akwai uban da in ya ji zai yi kuka ya jawo ɗansa jiki, akwai wanda zai yanke kuɗin makaranta ya kore shi a daren, yaron ya faɗa hannun waɗanda za su ce masa ka gani ko, ai dama haka masu addini suke. In lokacin faɗa ya yi, gara ya fito daga bakinsa shi, kina gefe. Abu ɗaya ne zai sa in ce ki karya alƙawarin sirrin nan take, shi ne in kin ga alamar zai cutar da kansa.

Abin da za ki iya yi kafin hutun ya ƙare

Ki samu lokacin da ba kowa, ki tambaye shi yaushe abin ya fara, me ya faru a lokacin, sannan ki yi shiru ki saurara har ya gama ko da abin da yake faɗa yana ƙona ki. Kar ki katse shi da a'uzubillahi a kowace jimla. In ya yi tambayar da ba ki da amsarta ki ce masa ba ki da ita amma za ku nema tare, wannan ya fi ki ƙirƙiro amsar da zai gane ta roba ce. Kar ki riƙa yi masa ruwan bidiyon wa'azi a waya safe da yamma, ba ya buɗewa, kuma yana sa shi jin kin mai da shi aiki. Ki ci gaba da abin da kuka saba, aike, hira, tsokana, kuɗin data in kina ba shi.

In ya yarda, ki nemo masa mutum ɗaya mai ilimin addini wanda kuma ya san boko, mai sanyin rai da riƙon sirri, wanda ba zai mai da shi abin misali a mumbari ranar Juma'a ba. Akwai su a kusan kowace jami'a, sau da yawa ba su ne masu suna a soshiyal midiya ba. Ki fara zuwa ke kaɗai ki gwada mutumin da tambayar ba tare da kin ambaci ko waye ba, yadda ya amsa miki zai nuna miki ko za a iya kai masa yaron. Littafin Gazalin nan da na ambata ƙarami ne, ana samunsa da Larabci da Turanci, ki ba shi ki ce ya karanta ku tattauna.

Ba zan yi miki alƙawarin zai dawo ba, wannan ba a hannuna yake ba kuma ba a hannunki ba. Cikin waɗanda na zauna da su akwai waɗanda suka dawo da imanin da ya fi na da ƙarfi saboda yanzu nasu ne ba na gado ba, akwai waɗanda har yau suna tsakiya, akwai kuma waɗanda suka tafi ba su dawo ba amma suna zuwa gida da sallah suna ɗaukar nauyin iyayensu. Abin da na lura da shi dai, waɗanda suka dawo kusan dukkansu akwai wani mutum ɗaya a gida da bai yanke su ba. Ke ma ki nemi wanda za ki riƙa sauke nauyin nan a wurinsa ba tare da kin faɗi suna ba, don abin yana da nauyi a ɗauka shi kaɗai, kuma in kin yi zaman farko da shi ki sake rubuto min abin da ya ce ya faro masa, daga nan za mu fi sanin wanda ya kamata a haɗa shi da shi.